“Ko Ni Ko Fim”: Soyayyar Farko Da Burin Yarinya Mai Son Zama Jaruma

Ga masu ƙarancin data da waɗanda suka fi son karatu a kan sauraro, ga rubutaccen shirinmu na wannan makon kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau magana za mu yi a kan yarinyar da kowa ya sani. Akwai ta a kusan kowace unguwa. Shekarunta 17 ko 18, ta gama sakandare ko tana dab da gamawa. Ita ce ke kwaikwayon malamai a aji har kowa ya riƙe ciki. Ita ake ba babban matsayi a wasan kwaikwayon ranar yaye ɗalibai. Idan an kalli fim da daddare, da safe za ta maimaita muku maganganun jarumar ba ta bar ko ɗaya ba. A ranta ta riga ta yanke cewa fim za ta yi. A daidai wannan shekarun ne kuma zuciyarta ke fara karkata ga wani namiji a karon farko.

Abin da nake so in bayyana yau shi ne yadda waɗannan abubuwa biyu, burin fim da soyayyar farko, suke cakuɗewa a rayuwar yarinyar Bahaushiya, har ta kasa gane wanne take bi. A ganina, girman irin wannan yarinya yana farawa ne ranar da ta iya raba su, ta san wannan burina ne, wancan kuma mutumin da nake so ne. Muddin ba ta raba ba, duk wanda ya riƙe ɗaya zai iya juya ta da ɗayan.

Bari mu fara da inda burin ya samo asali, don ba daga sama ya faɗo ba.

Tun kafin a haifi iyayen wasunmu, gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos suke nuna finafinan Indiya, kuma mutanenmu suka rungume su hannu bibbiyu. Dalili a fili yake: labaran auren dole, iyaye masu hana ɗiyarsu wanda take so, kunya tsakanin saurayi da budurwa, duk sun yi kama da namu. A shekarun 1980 sai littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, 'yan mata suna karɓar haya suna ɓoyewa a cikin littafin makaranta. Irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sun zagaye Arewa, daga baya ma aka mayar da shi fim. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 an samu Sangaya, inda Fati Mohammed ta fito a matsayin Zubaina, 'yar aiki a gidan sarauta, Ali Nuhu kuma yarima. A wannan lokacin ne sunan Kannywood ya fito, mujallar Fim ma ta soma fitowa a 1999.

Me ya sa na kawo wannan tarihin? Saboda ku lura da abu ɗaya: tun daga tushe, mafi yawan abin da masana'antar ke sayarwa soyayya ce. Yarinyar da ta tashi tana kallo, a wuri guda ta koyi abu biyu. A fim ta ga yadda jaruma take, a fim ɗin kuma ta ga yadda ake soyayya. A gida ba a yi mata wannan hirar ba, a Islamiyya an gaya mata haram da halal amma ba a zauna da ita a kan abin da za ta ji a ranta ba. To idan ta rufe ido ta hango kanta a gaban kyamara, ba ita kaɗai take gani ba, akwai wani a gefenta yana rera mata waƙa. Burin da soyayyar tare suka shigo.

Sai mu zo kan ƙofar shiga. Yaya ake zama jaruma a Kannywood?

A aikin gwamnati akwai takardar neman aiki, akwai jarrabawa. A fim ɗin Hausa, duk da akwai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, akwai kuma ƙungiyar MOPPAN da sauran ƙungiyoyin 'yan wasa masu yin rajista, yawancin shiga ta hannun mutum ake yi. Tsarin ubangida ne irin na kasuwa. Kamar yadda yaro ke zama a shagon wani a Kantin Kwari har ya koyi ciniki, haka sabon ɗan wasa ke raɓar wani furodusa ko darakta ko babban jarumi, a riƙa ce masa yaron wane. Shi zai kira ka lokeshan, shi zai ce a ba ka fitowa ɗaya ko biyu, shi zai gabatar da kai ga wasu. Duk wanda ya taɓa bi ta Zoo Road a Kano, inda ofisoshin 'yan fim suka taru, ya ga matasa suna zaune suna jiran wanda zai lura da su.

Wannan tsarin ba laifi ba ne a karan kansa. Manyan jarumai da dama ta haka suka taso, kuma akwai iyayen gida na ƙwarai da suka riƙe amana. Rahama Sadau ta sha faɗin cewa ta hannun Ali Nuhu ta shigo a 2013. Hadiza Gabon daga Libreville ta taso ta zo Najeriya, ta koyi zama da mutane har ta kafu. Amma ku duba yadda tsarin yake ga yarinya sabuwa: babu albashi, sau da yawa babu rubutacciyar yarjejeniya, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da mabuɗin. Idan ya ga dama gobe tana cikin fim, idan ya yi fushi wayarta ta daina ƙara.

Kuɗin ma ba kamar yadda ake hange daga waje ba ne. Kun tuna a 2022 da BBC Hausa ta yi hira da Ladin Cima, dattijuwar da ta shafe shekaru masu yawa tana wasa, ta ce 'yan dubbai kaɗan ake ba ta, wani lokacin har dubu 2? Wasu furodusoshi sun fito sun musanta, aka yi ta cacar baki, har maganar ta kai ga zarge-zargen cewa akwai masu neman mata kafin su sa su a fim. Ban zo yanke hukunci a kan wa ya yi gaskiya ba. Abin da nake so ƙanwata ta ɗauka shi ne, idan har ana jayayya a kan ladan wadda ta tsufa a sana'ar, to ke da kika zo jiya fa? Kayan sawa da kwalliya da kuɗin mota sau da yawa daga aljihunki za su fito. Yarinyar da ba ta da aljihu kuwa, dole wani ya biya. Wanda ya biya kuma yakan ga kamar ya saya.

Yanzu kasuwar ta ma sauya. Zamanin kaset da faifai a Ƙofar Wambai ya wuce. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 da shirye-shirye irin su Daɗin Kowa, sannan aka samu Labarina da Izzar So, harkar ta koma finafinai masu dogon zango a talabijin da YouTube. Wannan ya buɗe dama, domin fitowa ɗaya mai kyau za ta iya sa a san ki daga Kano har Yamai da Kumasi. Amma ya ƙara ɗaure ɗan wasa da mai shiri guda na tsawon shekaru. Ga kuma TikTok da Instagram, inda duk wanda ya sa hotonsa da wani jarumi zai iya rubuta furodusa a ƙarƙashin sunansa, ya shiga akwatin saƙon yarinya ya ce yana neman sabuwar fuska.

To a cikin wannan yanayin ne soyayyar farko ke samun yarinyarmu. A hirarrakin da muke yi da 'yan mata a tarukan matasa, na lura yawanci ta fuska biyu take zuwa.

Fuska ta farko ita ce saurayin unguwa. Ya san ta tun tana zuwa Islamiyya, yana zuwa zance, iyayenta sun san shi, wataƙila ma da gaske yake. Ranar da ta gaya masa burinta, sai fuskarsa ta canza. Ya ce, “Ki zaɓa, ko ni ko fim.” Kada mu yi saurin zaginsa. Shi ma tsoro yake ji. Yana tunanin abin da mahaifiyarsa za ta ce, da abin da abokai za su faɗa a majalisa, don a garinmu kalmar 'yar fim har yanzu wasu zagi suke yi da ita, alhali da daddare su ne a gaban allo. Sai dai duk da haka, ku duba abin da ya nema. Yarinya mai shekara 18 ce ake so ta yanke hukuncin rayuwarta gaba ɗaya saboda mutumin da bai kai ko kuɗin gaisuwa ba. Wasu sun ajiye burin, bayan shekara guda saurayin ya auri wata. Ba fim, ba miji.

Fuska ta biyu ta fi haɗari, don ita ba ta zuwa da sharaɗi a fili. Shi wannan a cikin harkar yake, ko yana raɓe da ita. Shi ne mutum na farko da ya kalle ta ya ce, “Wallahi kina da baiwa.” Ku tsaya ku auna nauyin wannan maganar. A gida ana ce mata rawar kai gare ta, a makaranta ana ce mata surutu. Ga wani babba, mai mota, wanda ya san jaruman da take kallo, ya ga abin da take ji a jikinta tun tana ƙarama. Dole zuciya ta buga. Amma me ta kamu da so? Mutumin ne, ko ƙofar da yake tsaye a bakinta? Ita kanta ba ta sani ba. Godiya da sha'awa da buri sun haɗu sun zama abu guda, ta sa masa suna so.

Hausawa sun ce so hana ganin laifi. Masana ma sun nuna cewa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke auna abin da zai biyo baya ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, alhali ɓangaren da ke jin daɗi da zumuɗi ya daɗe da farkawa. Shi ya sa soyayyar farko take da zafi haka. Ba rashin tarbiyya ba ne, haka Allah ya gina ɗan Adam. Mai shekara 35 da ke zance da mai 18 ya san wannan sarai, ko bai karanta a littafi ba.

Ga yadda abin ke tafiya, mataki-mataki. Da farko yabo ne da katin waya. Sai ya ce kada ta gaya wa kowa tukuna, don mahassada sun yi yawa. Sai ya ce ta zo a gwada ta, amma ba a ofis ba, kuma ita kaɗai. Sai ya ce ta turo hoto ya ga ko za ta dace da matsayin, yau da mayafi, gobe babu. Idan ta yi jim, sai ya ce, “Ashe ba ki yarda da ni ba?” Kun ga dabarar? Ya mayar da maganar aiki ta koma maganar soyayya. Ran da kuma ta tambayi kuɗin aikinta, zai ce haba, tsakaninmu har akwai lissafi? Idan ta nemi aure, sai ya ce ta bari ta yi suna tukuna. Duk ƙofar da ta nufa, sai ya rufe ta da ɗayar.

Ba na cewa duk soyayyar da ta tashi a lokeshan ƙarya ce. An yi aure da dama a cikin masana'antar. Ma'aunin da nake ba 'yan mata guda ɗaya ne: idan kika ce masa a'a a soyayya, aikin zai ci gaba? Idan kika bar fim gobe, zai ci gaba da zuwa gidanku? Wanda ya ci waɗannan tambayoyi biyu, a saurare shi. Wanda ya faɗi ɗaya, ki san da wa kike tare.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi ci mini rai. Idan abu ya lalace, wa ke biya?

A 2007 wani bidiyo na sirri na wata jaruma ya fita. Da waya aka ɗauka, tsakaninta da saurayinta wanda ba ɗan fim ba ne, kuma ba don jama'a aka yi ba. Ba zan kama sunanta ba, an kama ya isa. A lokacin babu WhatsApp, ta Bluetooth aka riƙa tura shi daga waya zuwa waya har ya gama gari. Sai da ta ɓuya. Gwamnatin Kano ta dakatar da shirya finafinai na tsawon watanni, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, aka tsaurara dokoki, mutane da yawa suka rasa abin yi. Tambayata ita ce, yau mutum nawa ne ke iya tuna sunan namijin? Su biyu ne a ciki, amma sunan mutum ɗaya ya zama abin zagi har a bakin yaran da ba a haifa ba a lokacin.

A watan Oktoba na 2016 kuma MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda ta fito a bidiyon waƙar ClassiQ, mawaƙin Jos, inda aka ga sun rungumi juna. Daga baya ta nemi afuwa aka yafe mata. Kowa na da ra'ayinsa a kan ko ta kyauta ko ba ta kyauta ba, kuma ni ma na yarda kowace sana'a tana da ƙa'ida, al'umma kuma tana da abin da take karewa. Abin lura dai shi ne, Rahama ta iya tashi saboda tana da wasu ƙafafun tsayawa. Ta yi finafinai a Kudu, ta kafa kamfaninta, ta yi digiri a Cyprus. Yarinyar da ba ta da suna, ba ta da takarda, ba ta da jari, idan aka rufe mata ƙofa ɗaya ina za ta nufa? Gida ma wani lokacin ba ya karɓarta.

Sai maganar aure, wadda ita ce ƙarshen labarin a yawancin finafinanmu, amma a rayuwa nan ake fara wani. Al'adar da aka saba a Kannywood ita ce, jarumi ya yi aure ya ci gaba da fitowa yana soyayya a fim har ya yi furfura. Jaruma kuwa da an ɗaura, ta bar gaban kyamara. Akwai matan aure da suka ci gaba, yawanci a matsayin iyaye, irin su marigayiya Saratu Giɗaɗo da muka fi sani da Daso, Allah ya jiƙanta. Akwai kuma waɗanda suka koma bayan kyamara suna shiryawa. Amma ga budurwar da ke jan fim, aure na nufin ajiye sana'a.

Ku lissafa abin da wannan ke nufi. Sana'arta gajera ce, wataƙila shekara 5, wataƙila 10. Tana tsaka da tashe za a fara tambayarta yaushe za ki yi aure. Idan ta yi, kuɗin shigarta ya tsaya rana ɗaya, ita da ta saba ciyar da gidansu da biya wa ƙanne kuɗin makaranta. Wani mijin kuma jarumar da ya gani a allo ya aura, da kwalliyarta da murmushinta, sai ya tarar da mutum mai gajiya da ciwon kai kamar kowa. Idan auren ya mutu ta dawo, sai a ce ai 'yan fim ba sa zaman aure. Ba a tambayar me aka yi alkawari kafin a ɗaura, ba a tambayar ko an cika. Mutuwar aure ta cika Arewa, a gidajen da ba su taɓa ganin kyamara ba ma. Tasu dai ce ake bugawa a shafuka.

To mene ne girma ga irin wannan yarinya? Ni dai ga abin da nake gaya wa ƙannena.

Na farko, ki shiga ta ƙofar gida. Na san da wuya. Na san akwai gidan da ko ambaton fim aka yi sai an yi salati. Amma shugabannin masana'antar da kansu sun sha faɗin cewa ba sa karɓar mace sai da yardar iyaye ko waliyyi. Duk wanda ya ce miki ki ɓoye wa Mama, ya riga ya karya ƙa'idar gidan da yake cewa zai shigar da ke. Idan Baba ba ya sauraro, nemi gwaggo ko kawu ko yayar da ake jin maganarta. Idan kuma ba ki kai 18 ba, a dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003 ke yarinya ce, babu wani babba da ke da hurumin ƙulla wata harka da ke a bayan idon iyayenki.

Na biyu, ki ɗauki wasan a matsayin ilimi. Ana karanta shi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ana karanta shi a Jami'ar Bayero, akwai kuma makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos. Ko ba ki samu wannan ba, kada ki ajiye karatu ko sana'ar hannu saboda an sa ki a fitowa uku. Wadda ta iya rubuta labari, ko tace hoto, ko ɗinkin kayan wasa, ko kwalliya, ba a korarta da waya ɗaya, kuma aure ba ya raba ta da abincinta.

Na uku, aiki a ofis ake yin sa, da rana, da shaida. Ki tafi da wani naki. Ki tambayi nawa za a biya ki kafin a kunna kyamara, kuma a rubuta, ko da a saƙon waya ne. Tambayar haƙƙi ba rashin kunya ba ce. Furodusan kirki ba zai ji haushi ba.

Na huɗu, waya. Hoton da ba za ki iya nuna wa Mama ba, kada ya wanzu, balle a tura. Ba don lallai shi mugu ne yau ba. Waya tana ɓata, ana kai ta gyara, soyayya tana ƙarewa. Idan kuma har ya riga ya faru, wani yana yi miki barazana, kada ki biya shi, kada ki yi shiru ke kaɗai. Ki adana saƙonnin, ki gaya wa babba. Yin barazana da tatsar kuɗi ta intanet laifi ne a dokar 2015 ta laifukan intanet. Mai laifin shi ne, ko da kunya ta sa kina jin kamar ke ce.

Na biyar, idan maganar aure ta taso, a yi ta a fili tun kafin a sa rana. Zan ci gaba ko zan bari? Idan zan bari, me zan riƙa yi? A gaban waliyyai, ba a cikin hirar dare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wadda ta zaɓi barin fim don aure da idonta a buɗe, ta yi daidai, Allah ya ba da zaman lafiya. Wadda ta zaɓi ta jinkirta, ita ma ba ta yi saɓo ba. Abin gudu shi ne a zaɓa miki kina cikin mayen so.

Idan ina wannan maganar nakan tuna Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara kusan 13, auren bai daɗe ba. Ta koma ta yi karatun manya, ta zama marubuciya, ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda har an fassara shi zuwa Turanci, ta kuma shiga harkar fim. Abin da ya same ta tana ƙarama bai zama ƙarshen labarinta ba. Don haka ke da kike karanta wannan, wadda soyayyar farko ta riga ta ƙona, ko aka yi miki alkawarin fim aka watsar, ki sani ba ki ƙare ba. Ciwon gaske ne, ki yi kukanki. Baiwar da kike da ita kuwa ba shi ya ba ki ba, gani kawai ya yi, kuma tana nan bayan tafiyarsa.

Samari, ku ma ga taku. Idan kana son yarinya mai wannan burin kuma ka san ba za ka iya ba, faɗa mata tun wuri cikin mutunci, ka bar ta. Kada ka sa ta ajiye abin da take so alhali kai ba ka shirya komai ba. Kai kuma da ke cikin harkar, yarinyar da aka kawo maka amana ce. Idan aure kake so, ka san hanyar gidansu. Idan aiki ne, biya ta haƙƙinta.

Iyayenmu, da girmamawa nake faɗa. Hani da duka ba sa kashe buri, ɓoye shi kawai suke sa a yi. Yarinyar da aka rufe wa ƙofar hira a gida, wani zai buɗe mata a waya. Ku zauna da ita, ku ji me take so, ku binciki wurin da mutanen. In za ku hana, ku hana da dalili, ku nuna mata wata hanyar da za ta yi amfani da baiwarta. Mu kuma 'yan kallo, mu ji tsoron Allah. Ba daidai ba ne mu ƙona data muna kallonsu, gari ya waye mu zage su, kuma idan abin kunyar wata ya fita mu ne masu cewa a turo mana.

Nan za mu tsaya a yau. Tambayar da na bar muku: idan ƙanwarka ko ƙanwarki ta zo ta ce fim take so ta yi, mece ce kalmar farko da za ta fito daga bakinku? Ku faɗa mana gaskiya, za mu karanto wasu daga cikin amsoshin a shiri na gaba. Wanda ya san wata da ya kamata ta ga wannan, ya tura mata. Allah ya tsare mana 'yan matanmu, ya haɗa kowa da rabonsa na alheri.